Tsayuwar Kendra a Gefen Akwati

"Mayar da kujerar nan inda ka ɗauko ta," in ji Kendra.

Royce bai motsa ba. Yana tsaye a ƙofar kicin, kujerar ƙarfe mai naɗewa a hammatarsa. Ƙanwar tasa tana zaune a ƙasa ta jingina da firji, tana kokawa da doguwar safa mai matse ƙafa wadda likita ta ce ta riƙa sawa. Ta ja ta har gwiwa, ta dakata tana mayar da numfashi.

"Safa ma ta fi ƙarfinki," ya ce. "Ke ce za ki tsaya tun la'asar har rana ta faɗi?"

"Kai dai ji da kwat ɗinka. Ka fito sak mutum-mutumin gona."

Kwat ɗin na babansu ne, na biyu a kyau. Na farkon yana jikin mai shi, a can gidan jana'iza. Royce ya dubi wuyan hannunsa da ya leƙo waje.

"A bayanki kawai zan ajiye ta. Ba wanda ya ce sai kin hau."

"Tana shiga ɗakin nan sun gama yanke hukunci. Ka san su."

"In kin faɗi fa?"

"Sai ka tsallake ni. Ubana ne, Royce. Zan tsaya masa."

Ya san su kuwa. A wannan yanki na Wisconsin, ranar da aka buɗe akwati jama'a suka zo ganin mamaci, a tsaye iyalinsa ke karɓar gaisuwa. Layi suke yi daga kan akwatin zuwa ƙofa, matar a farko, sai 'ya'ya, sai 'yan'uwa. Duk wanda ya shigo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe hannu, ya faɗi abin da ya zo da shi. Ba a zama sai na ƙarshe ya wuce. Kakarsu ta tsaya wa mijinta tana dogara sanda biyu, har yau ana ba da labari. Wata maƙwabciya ta zauna a ranar nata mijin, ita ma har yau ana ba da labari.

Abin da ke cin Royce shi ne ya riga ya hango ƙarshen. In Kendra ta zauna, za a ce ko ranar ubanta ba ta iya tashi ba. In ta tsaya har aka watse, za a ce ashe tana iyawa, to me ya hana ta tsayuwa a wurin tatsa duk tsawon lokacin nan? Ita ma ta hango. Ta dai zaɓi wadda ba za ta ji kunyar gawar ba.

Shekara biyu baya, ba wanda zai haɗa sunan Kendra Brekke da kujera. Ita ce manomiyar gidan. Royce don dole yake tatsa, hankalinsa yana wajen gyaran injuna a cikin gari. Ita kuwa ta san kowace saniya da halinta, wadda ke harbi, wadda sai an yi mata magana kafin ta saki nono. Vern, babansu, bai taɓa furtawa ba, amma kowa ya san wa zai bar wa garken.

Sai a lokacin zafi na waccan shekarar Vern ya aike ta gyaran shingen arewa, inda gonar ta haɗu da daji, ciyawa har ƙugu, hanyar barewa ce. Bayan 'yan kwanaki ta ciro kaska a bayan gwiwarta, ta riga ta ƙoshi. A cikin watan ne kuma ta kai karsana baje kolin dabbobi, inda wani zazzaɓi mai kumbura maƙogwaro ke bin matasa. Ta dawo ta kwanta. Zazzaɓin ya yi kwanakinsa ya tafi. Ta koma ramin da mai tatsa ke tsayawa a ciki, ta sunkuya ta maƙala wa saniya inji, tana ɗagowa duniya ta yi mata baƙi. Royce ya tarar da ita a kan siminti, kumatunta cikin ruwan wanki.

Daga ranar tsayuwa ta zama abokiyar gabarta. Tana miƙewa zuciyarta za ta hau duka kamar za ta fasa ƙirji, jiri ya ɗebe ta, ƙafafu su yi shuɗi-shuɗi, magana ta ɓace mata a tsakiyar baki. Tana kwanciya kuma sai komai ya lafa, har ta yi raha. Wannan shi ya cuce ta. Duk wanda ya zo dubiya a kwance yake samun ta, a kwance kuwa lafiyarta ƙalau.

Duk mai shanun madara ya san saniyar da ta faɗi ba a barin ta a ƙasa. Nauyinta ne zai danne mata ƙafafu, jini ya daina zuwa, in ta daɗe a haka sai bindiga. Don haka ake ta da ita ko ta halin ƙaƙa. A murɗe wutsiya, a daka mata tsawa a kunne, a ɗaure ƙugunta a ɗaga da tarakta. In haihuwa ce ta kwashe mata ƙarfi, a ɗura mata kwalbar magani ta jijiyar wuya, kafin ka shanye kofinka ta miƙe tana cin ciyawa. Vern ya ceci shanu da yawa a haka. Ba mugu ba ne. Abin da ya sani ke nan, da shi kuma ya tunkari 'yarsa. Kullum da safe sai ya buga mata ƙofa ya ce ta tashi ta taka, kwanciyar ce ke kashe ta. Ta tashi, ta taka, ta faɗi. Washegari ya sake bugawa.

Likitan garinsu ya auna ta a zaune, ya ga komai daidai, ya ce damuwa ce, ta rage tunani. An jima ana haka kafin aka tura su babban asibiti a birni. Royce ne ya tuƙa, mamarsu Arlys a gaba, Kendra a miƙe a kujerar baya. A can aka ɗaure ta a wani gado mai juyawa, aka tsayar da shi a hankali. Royce yana kallon allon. Bugun zuciyarta ya tashi kamar injin da aka taka wa mai, ita kuwa ko yatsa ba ta ɗaga ba.

Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce idan mutum ya miƙe akwai jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini a ƙafa da ciki su tura shi sama, shi bai ma sani ba. Na Kendra sun yi sanyi. Jini sai ya taru a ƙasa, kai ya rasa, zuciya ta shiga gudu tana neman cike giɓi. Ciwon yana da dogon suna, POTS suke taƙaita shi.

Royce ya yi tambayar da babansa ya aiko shi da ita: me ya kawo shi?

Likitar ta ce nan ne ba ta da tabbas. Wasu bayan cizon kaska yake kama su, wasu bayan irin wancan zazzaɓin, wasu bayan korona. Ana kuma zaton a wasu mutanen garkuwar jiki ce ta tashi yaƙar cuta, cutar ta tafi, ita ba ta ajiye makami ba, ta juyo kan jijiyoyin mai ita. Zai iya zama ɗaya, zai iya zama haɗuwa suka yi. Gwajin jinin Kendra bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ta tambaya ko a dangi akwai mai irin ciwon da jiki ke faɗa da kansa. Arlys, wadda tun shigowarsu take rungume da jaka, ta ce ita tana shan ƙwayar ciwon maƙoƙo kowace safiya, kuma yayarta gaɓoɓinta na kumbura. Likitar ta rubuta, ta ce wannan bai tabbatar da komai ba. Arlys rubutun kawai ta gani. Ba ta sake bin su asibitin ba.

Da suka dawo Vern yana wanke bokitin 'yan maruƙa. Bai ɗago ba ya tambaya wace kwalba za a ɗura mata. Royce ya ce babu kwalba. Akwai ƙwayoyi, da ruwa mai yawa, da safa, da motsa jiki a kwance, da gishiri, sai kuma jira.

"Gishiri," in ji Vern, wanda aka hana gishiri shekara da shekaru saboda zuciyarsa. Ya kife bokitin ya ɗauki wani.

A haka gidan ya zauna. In kaska ce, Vern ne ya aike ta shingen. In jini ne, na Arlys ne. Akwai kuma hanya ta uku wadda ba ta ɗora wa ɗayansu komai, wato babu abin da ke damun yarinyar. Wannan ta fi sauƙin ɗauka, ita gari ya ɗauka, a wasu ranakun har cikin gidan. Amma da ƙanƙara ta narke Vern ya dawo daga kasuwar dabbobi da keji cike da zabi, mutumin da ko carar zakara ba ya so. An ce masa suna cin kaska. Ya sake su a tsakar gida bai yi wa kowa bayani ba. A makon nan dai ya tsaya a ƙofar falo, ya dubi Kendra kwance ƙafafu a kan matashi, ya ce shanu ba su san hutu ba, ya fita. Royce bai san wanne zai riƙe ba a cikin biyun.

Ranar Talata da safe Royce ya koro shanun rukuni na biyu, ya tarar inji yana ta tsotsa a banza, babansa a zaune a ƙasan ramin ya jingina da bango kamar mai hutawa. Ɓangaren Kendra yake tatsa, yadda ya saba tun da ta kwanta. Kafin rana ta take, Gwaggo Lavonne, ƙanwar Vern, ta faɗa a waya abin da sauran ke faɗa a ciki, cewa aikin mutum biyu ne ya kashe shi. A falo ta yi wayar. Kendra tana kwance a doguwar kujerar da ke bayanta.

Yanzu ga Arlys ta sauko daga bene cikin baƙar riga. Ta dubi kujerar da ke hammatar ɗanta, ta dubi 'yarta a ƙasa. Royce ya jira ta shiga faɗan, ko ta wane ɓangare. Sai kawai ta ce a tabbata an rufe ƙofar baya, maƙwabta ne za su yi tatsar yamma. Ta fita ta shiga mota.

Kendra ta miƙa hannu ta buɗe firji daga inda take, ta ɗauko kwalbar kokwamba mai tsami, ta kafa kai ta shanye ruwan gishirin. Ta kwance agogon da ke nuna bugun zuciyarta, ta cilla shi cikin kwandon burodi.

"Don kar ka yi ta leƙen hannuna kamar sabon saurayi," ta ce. "Zo ka ɗaga ni. A hankali, ba buhun dusa ba ce."

Ya jefa kujerar a bayan a-kori-kura. A can ta wuni.

Ɗakin gaisuwar ya yi zafi. Mai gidan jana'izar ya ƙure na'urar ɗumama saboda tsofaffi, ga furanni sun cika ko'ina da ƙamshi mai nauyi. Zafi yana cikin abin da likita ta ce Kendra ta guje wa. Vern yana kwance, an taje masa gashi ta ɓangaren da bai taɓa tajewa ba. Arlys ta tsaya a wajen kansa, sai Royce, sai Kendra, sai Baffa Orrin wan Vern, sai Gwaggo Lavonne a ƙarshe, inda take iya ganin kowa.

Aka buɗe ƙofa. Layi ya riga ya kai bakin titi. Manoma ne da hannayen da aka dirje har suka yi ja, da direban tankar madara, da likitan dabbobi, da matan coci da suka baro tukwanen abinci a mota. Suka ce wa Arlys Allah ya ba da haƙuri. Suka ce wa Royce yanzu shi ne babba. Da suka zo kan Kendra sai murya ta canza. Wata ta ce kai, ta yi kyau, har ta yi ƙiba. Wani ya ce ga ta a tsaye, ashe an samu sauƙi. Wata ta ce ɗiyar ƙawarta ma ta yi irin wannan, da ta samu aiki shi ke nan ya wuce. Kendra ta ce wa kowannensu ta gode da zuwa.

Royce yana ba da hannu yana kallonta ta wutsiyar ido. Ya san dabarunta duka. Ta harɗe ƙafafu tana matse cinya. Ta riƙa ɗage diddige tana saukewa. Ta yi kamar tana gyara takalmi don ta samu ta sunkuya. Ta daɗe fiye da yadda ya taɓa ganin ta daɗe, har wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, ya ji haushin kansa. Can ya ga yatsunta sun fara canza launi. Gumi ya jiƙa gashin da ke gefen kunnenta. Ta ce wa fasto ta gode da zuwa sau biyu a jere.

"Mu je ki sha iska," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Yi mini shiru."

Sai ga tsoho Merle Haugen, wanda suka yi makaranta tare da Vern. Ya kama hannun Kendra da hannayensa biyu, ya fara labarin bijimin da ya kori Vern har saman akurkin kaji suna samari. Kowa a garin ya san labarin, kuma kowa ya san ba a katse Merle. Ya faɗi sunan bijimin, ya gyara, ya ce a'a, wancan uban wannan ne. Ya koma kan wanda ya sayar musu da shi. Idanunsa sun cika da hawaye, yana dariya. Kendra tana murmushi, amma Royce ya ga idanun ba Merle suke kallo ba. Kafin labarin ya kai Vern saman akurkin ta sulale.

Ba ta kai ƙasa ba. Baffa Orrin ya cafe ta ta hammata ɗaya, direban tanka ya cafe ɗayar. Mutane ne masu ƙarfi da saurin hannu, kuma abin da suka saba shi suka yi. Suka tsayar da ita cak.

"Kar ku bari ta kwanta," in ji Orrin. "Riƙe ta sama. Taka, 'yata, taka. A buɗe mata hanya."

Suka fara tafiya da ita, takalmanta na jan kafet. Kanta ya rataya a ƙirji. Wata mata tana yi mata fifita da takardar addu'o'i, wani yana marin kumatunta a hankali yana kiran sunanta. Leɓunanta suka yi toka-toka. Hannunta ya fara fizga.

Royce ya ce su sauke ta. Ba wanda ya ji. Ya sha gabansu ya ce su kwantar da ita, jini ne ba ya kai mata kai, muddin tana tsaye ba za ta farfaɗo ba.

"Matsa, yaro," in ji Orrin. "Tun ba a haife ka ba nake ta da abin da ya faɗi."

"Ba saniya ba ce, Baffa. Sake ta."

"Irin wannan lallashin naku ne ya kai mu inda muke yau."

Royce bai san lokacin da hannunsa ya tafi ba. Ya ture baffansa a ƙirji, tsohon ya yi baya ya bangaji wani tsayayyen kwandon furanni, ruwa ya malale. Direban ya saki nasa ɓangaren don mamaki. Royce ya tare ta, ya shimfiɗe ta a ƙasa daidai ƙafar akwatin, ya durƙusa ya ɗora ƙafafunta a kafaɗarsa. Rigarta ta zame, safar nan mai kauri ta fito fili har cinya. Ya ja rigar ya rufe iya abin da zai rufu. Ɗakin ya yi tsit, sai waƙar coci da ke fitowa a hankali daga bango.

Ba a jima ba jini ya dawo fuskarta. Ta buɗe ido, ta dubi silin, ta dubi gefen akwatin a samanta, ta gane inda take. Da muryarta ta kullum, garau, ta tambaya ko ta daɗe. Ya ce a'a.

Wani ya sauke ajiyar zuciya ya ce to, ba komai ashe. Daga ƙarshen layi Gwaggo Lavonne ta ce wa ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba, amma ɗakin shiru ne, "Kin gani ko? Tana samun wurin kwanciya ta warke. Kullum haka ne."

Kendra ta ji. Ta yunƙura za ta tashi, Royce ya danne mata gwiwa. Ta ce ya sake ta, ya ƙi. Ta kira shi da sunan da ba a faɗa a gaban gawa. Ya ɗago ya nemi mamarsu. Arlys tana nan inda take a wajen kan mijinta, ba ta gusa ba. Fuskarta a gaba, hannunta a miƙe yana jiran na gaba a layi.

Mai gidan jana'izar ya zo da tattausar muryarsa ya ce akwai ɗan ɗaki a baya. Royce ya ɗauke ta a kwance, ya ratsa mutane da ita. Merle Haugen yana tsaye har yanzu, hannayensa biyu a buɗe, yana tambaya ko wani abu ya faɗa.

Ɗakin na rataye riguna ne, da tukunyar kofi a kan tebur. Ya kwantar da ita a ƙasa, ya jawo kujera ya ɗora mata ƙafafu. Ya ɗebo ruwa, ta sha a karkace. Ta bango suna jin layin ya ci gaba, muryoyi suna matsowa suna wucewa, an haɗe giɓin da suka bari. Ta ce ya koma, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan Vern ya tsaya masa. Ya ce ba inda za shi. Ta ce yanzu ya ja wa kansa, Baffa Orrin ba zai sake ba shi aron tarakta ba har abada. Ya ce dama taraktar ba ta da birki. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye, ta ɗora hannu a kan idanunta.

Mutane suka riƙa shigowa ɗaukar rigunansu. Kowa sai ya kewaye ta, ya ce sannu, idonsa a kan maratayi. Likitan dabbobi ne kaɗai ya tsaya. Ya tsuguna ya ce shi ma kaska ta taɓa kwantar da shi wata guda, ya tambaya ko an tabbatar ita ce. Kendra ta ce ba a tabbatar ba. Ya tambaya to mene ne. Ta ce wataƙila zazzaɓi, wataƙila jikinta ne da kansa, ba a sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ɗan jira ko akwai sauran bayani, ya ga babu, ya sa hularsa ya tafi.

Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Sau biyu ta gwada zama, sau biyu ta koma. Daga baya ta daina gwadawa. Royce ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya cire kwat ɗin ya ninke a cinya. Yana ta tunanin hannun Orrin a hammatarta, yadda ya riƙe ta tsakani da Allah, da dukan ƙarfinsa, don kar ta mutu. Da babansu ne a wurin, haka zai riƙe ta.

Sai da na ƙarshe ya wuce aka rufe ƙofar waje sannan Arlys ta shigo. Ta tsaya tana dubansu. Ta jawo kujera ta zauna da nauyi, ta zare takalmanta. Ƙafafunta sun kumbura, madaurin ya bar shaida a kai. Ta ce mutane sun zo da yawa. Ta ce Orrin bai ji ciwo ba, ya tafi gida. Ta ce gobe a coci akwai benci, kowa zama zai yi.

"Na so in kai ƙarshe, Mama," in ji Kendra.

"Na gani."

Arlys ta miƙa hannu kamar za ta taɓa ƙafar 'yarta da ke kan kujerar kusa da ita, sai ta tsaya a kan safar, ta gyara wata 'yar naɗewa da ba ta dami kowa ba. A ɗaya ɗakin ana jan kwandunan furanni, ana shirin rufe akwati.

Kendra ba ta dubi kowa ba. Silin take kallo.

"Ku biyu kun fi ni zama da shi a ƙarshen nan," ta ce. "Kai a garke, ke a ɗaki. Ni ta ƙofa kawai nake jin sa. Ya taɓa ce wa ɗayanku ya yarda ba da gangan nake yi ba?"

Royce ya dubi mamarsa. Arlys tana kallon takalman da ke hannunta. Tukunyar kofi ta yi ɗan ƙara ta mutu.

"Ko sau ɗaya?" in ji Kendra.